Padang zuwa Maninjau da iyali: in tuƙa da kaina ko in ɗauki direba?

Auwal Serdang:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Sumatra ta Yamma, a ƙasar Indonesiya. Idan Allah Ya kai mu hutun ƙarshen zango ina so in fita da iyali, ni da maiɗakina da yara biyu, da surukata da ta zo mana daga Zariya. Daga Kuala Lumpur zuwa Padang awa ɗaya ce da 'yan mintoci a jirgi. Ga tsarin da na yi. Muna sauka in karɓi motar haya in tuƙa mu zuwa Bukittinggi mu kwana. Washegari mu gangara tafkin Maninjau mu dawo, mu wuce kwarin Harau da gadar Kelok 9. Rana ta uku mu bi ta Batusangkar mu ga fadar Pagaruyung, mu bi gefen tafkin Singkarak, mu haura tagwayen tafkunan Alahan Panjang, mu sauko Padang ta Sitinjau Lauik mu kama jirgi. Na duba taswira, babu wata doguwar tafiya a ciki, Padang zuwa Bukittinggi ma kilomita 90 ne ko kusa da haka. Me kuka gani?

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Malam Auwal, kafin a zo maganar mota, biza fa? Mai koren fasfo ba ya sauka Indonesiya a buga masa biza a filin jirgi, balle ya shige ba biza kamar ɗan Malesiya. Najeriya na cikin 'yan ƙasashen da sai an tantance takardunsu a Jakarta, kuma sai da wanda zai tsaya maka a can. Mu da muke zuwa saro kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta mun san wannan wahalar. Ka fara da ita tun yanzu, musamman ta Hajiya, tunda ita baƙuwa ce a Malesiyar ma. Kada ka sayi tikiti sai biza ta fito.

Auwal Serdang:
Na gode Alhaji, Allah Ya ƙara girma. An riga an shigar da takardu ta hannun wani abokin karatuna ɗan Padang. Muna jira.

Dakta Bashir:
Auwal, tsarinka na mutumin da ya kalli taswira ne daga sama, ita kuwa taswira ba ta nuna hawa. Na zauna a Padang lokacin karatuna, wannan hanyar ta Bukittinggi na san ta kamar yunwar cikina. Kilomita 90 ɗin nan awa biyu da rabi ne in hanya ta yi kyau, uku in ba ta yi ba. Kana barin bakin teku ne ka haura gari mai tsawon mita 900 da ɗoriya, a kan titi mai hannu biyu kacal, da manyan motoci, da babura kamar ƙudaje, da kasuwannin bakin titi. In ka yi rashin sa'a ka faɗa ranar cin kasuwar Koto Baru, tsakanin Padang Panjang da Bukittinggi, to sai dai haƙuri.

Rana ta biyu da ka tsara kuwa, Maninjau tana yamma da Bukittinggi, Harau da Kelok 9 suna can gabas ta bayan Payakumbuh. Kana nufin ka sauka Kelok 44, wato titin nan mai lanƙwasa 44 da ke gangarawa tafkin Maninjau, ka sake hawo shi, sannan ka ratsa ta tsakiyar gari ka nufi gabas, duk a wuni guda, da dattijuwa da yara a mota. Za a iya, ban ce ba za a iya ba. Amma babu abin da za ku gani sai bayan wata babbar mota.

Shawarata biyu ce. Ka zubar da rabin jerin nan. Sannan ka ɗauki mota da direbanta. Haka kusan kowa ke yi a can, har su 'yan Jakarta da ke zuwa hutu.

Kabiru Gombak:
Ni ban yarda da batun direba ba, Dakta, da girmanka. Yaya Auwal ya yi shekaru yana tuƙi a Malesiya, hannun hagu ake bi a nan, hannun hagu ake bi a can, sitiyari a dama. To me ya rage? Ni da abokaina mun yi wannan hanyar da kanmu, lafiya muka je lafiya muka dawo. Daɗin tafiyar mota ai shi ne ka tsaya inda ranka ya so. Direba kuwa sai ya kai ka shagon tsaraba na ɗan'uwansa, sai gidan abincin da ake ba shi la'ada. Ga shi baƙo a cikin iyalinka wuni guda, ba dama ku sake.

Dakta Bashir:
Kabiru, ku samari nawa ne, a mota ko a babur?

Kabiru Gombak:
Babura muka ɗauka a Bukittinggi. Amma ai titin ɗaya ne.

Maman Hanifa:
Tabɗi! Kabiru, Allah Ya shirye ka. Babur da mota mai ɗauke da mutum biyar da akwatuna ne titi ɗaya?

Baban yara, bari in faɗa maka abin da idona ya gani a Kelok 44, don mun je da yara. Kana tafe a saman tudu ta wajen Matur cikin sanyi, kwatsam sai ƙasa ta ƙare, ka hango tafki can ƙasa shuɗi shar, duwatsu sun kewaye shi. Daga nan titi ya fara naɗewa. Kowace kwana da lambarta a allo, yara suna ta ƙirgawa da murna, kafin a ci goma sha biyar murna ta koma ciki, aka fara neman leda. Kwanonin nan ba irin waɗanda ka sani ba ne, mota juyowa take yi gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito, kuma a kan gangara. Direbanmu dattijo ne, kafin kowace kwana sai ya danna hon, ya sassauta, ya leƙa ƙasa ta tagarsa. In ya hango mota tana hawowa sai ya tsaya cak tun daga sama ya bar mata fili, don mai hawowa sai ya buɗe ya ci hannun wani kafin ya iya juyawa. Ka'idarsu ce, mai saukowa shi ke jira. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, su dai sun sani. Mun ga wata mota mai lambar wani lardi ta kutsa ba ta jira ba, suka yi cirko-cirko da wata bas a tsakiyar kwana, sai da mutane suka fito suna ba shi hannu yana ja da baya. Matar da ke gaban motar ta rufe fuska da mayafi.

Ga birai kuma a bakin titi suna jiran a jefa musu gyaɗa. Kada a buɗe gilashi da abinci a hannun yaro.

Auwal Serdang:
Maman Hanifa kin fara ba ni tsoro. Ya kai Hawan Kibo?

Maman Hanifa:
Hawan Kibo ai shimfiɗaɗɗen titi ne a kan wannan. Can tsawo ne da gangara, nan kuwa matsi ne da juyi.

Kabiru Gombak:
To ai ba gudu ake yi ba. Giya ta ɗaya, ta biyu, a hankali. Duk wanda ya iya mota zai sauka.

Dakta Bashir:
A nan kam ka faɗi gaskiya, da giya ake sauka ba da birki ba. Matsalar ita ce yawancin motocin hayar da za a ba baƙo atomatik ne, wanda ya saba da manyan titunan Malesiya kuwa ƙafarsa na kan birki tun daga sama har ƙasa. Kana isa ƙasa ka ji ƙauri. Amma ni ba ma ƙwarewar Auwal nake shakka ba. Abin da nake cewa shi ne, mai tuƙi a Kelok 44 ba ya ganin Maninjau. Idonsa na kan kwalta da madubi. Ka biya kuɗin jirgi da biza na mutum biyar don ka je ka kalli kwalta? Da ɗan gari akan ci gari.

Batun shagon tsaraba kuma gaskiya ne, suna yi. Maganinsa ka faɗa masa tun a waya cewa kai za ka zaɓi wurin tsayawa. Ku yi ciniki a kan wuni, ku fayyace waye zai sayi mai, waye zai biya kuɗin ajiye mota, da abincinsa da makwancinsa in za ku kwana a wani gari. In ba a yi wannan magana da wuri ba ita ce ke kawo ɓacin rai a ranar rabuwa.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan. Ƙasar nan tana motsi. Dutsen Marapi da ke tsaye a kan Bukittinggi, mai tsawon kusan mita 2,900, ya yi aman wuta ranar 3 ga Disamba 2023 ya kashe masu hawa 24. A kula, ba Merapi na tsibirin Java ba, wannan daban ne. Tokar da ya tara a samansa ita ruwan sama ya kwaso a daren 11 ga Mayu 2024, taɓo da duwatsu suka gangaro cikin garuruwa, mutum fiye da 60 suka rasu, titin Lembah Anai, wato ainihin hanyar Padang zuwa Bukittinggi, ya yanke sai da aka yi wata biyu ana gyara. A ƙarshen Nuwamban 2025 ma an sake yin babbar ambaliya a Sumatra wadda ta taɓa wannan yanki. Direban gari yana cikin zaurukan WhatsApp na direbobi, tun da asuba ya san inda ƙasa ta zafto da inda aka rufe, ya san ko a kewaya ta hanyar Malalak ko kada a bi. Wayarka ba za ta faɗa maka wannan a kan lokaci ba.

Alhaji Ɗanlami:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Musulmi. To Dakta wane lokaci ne ya fi dama?

Dakta Bashir:
Ranka ya daɗe, can babu rani irin namu, ana ruwa kusan duk shekara. Amma daga Oktoba zuwa Disamba ya fi tsanani, tsakiyar shekara ya fi sauƙi. Ko a wane wata ne, a yi tafiyar dutse da safe. Bayan azahar gajimare ke saukowa ya rufe komai. A kuma guji makon ƙaramar salla, lokacin ne duk 'yan Minang, wato ƙabilar yankin, da ke ci-rani a Jakarta da Malesiya ke dawowa gida, har sai hukuma ta mai da wasu hanyoyin hannu ɗaya.

Mahamadu Maraɗi:
Ni tambayata ta ciki ce. Hajiya dattijuwa za ta iya cin abincinsu? Mun san na Malesiya da sukari a cikin miya.

Maman Hanifa:
Malam Mahamadu, a nan ne ma za ta huta. Mutanen Minang ba su san sukari a miya ba, barkono ne da kwakwa da kayan ƙamshi. Kuma ba ka da fargabar halal, kusan kowa Musulmi ne. Yadda suke kawo abincin ma abin kallo ne. Kuna zama yaro zai taho da ƙananan faranti jere a hannunsa tun daga tafi har kafaɗa, ya zube muku goma sha wani abu a tebur: rendang, soyayyen kifi, kaza, ƙwai cikin jan barkono, dafaffen ganyen rogo, busasshen nama da aka daka da koren barkono. Abin da kuka taɓa shi za ku biya, wanda ba ku taɓa ba a mayar. Ku ja wa yara kunne, don namu sai da suka tsoma cokali a kowane faranti. A kasuwar Bukittinggi ku nemi rumfunan nasi kapau, mata ne ke zaune a sama da tukwane a gabansu suna miƙo miya da ludayi mai dogon hannu. Akwai dadiah, kindirmon ɓauna da ake ɗurawa a gora a rufe da ganye. Maigida kuma ya gwada teh talua, shayi ne da ake kaɗa gwaiduwar ƙwai da sukari har ta yi kumfa sannan a zuba masa tafasasshen shayi a matsa lemun tsami. Ni dai ban iya sha ba, Baban Hanifa kuwa kullum sai ya nema.

A tafi da rigunan sanyi. Kada ku ce ai kan layin da ya raba duniya biyu ne, asubar Bukittinggi sai da bargo.

Ustaz Nura:
Malam Auwal, in har za a rage jerin, ina roƙon kada a rage Maninjau, kuma kada a yi mata leƙen mintoci. A gaɓar tafkin akwai ƙauyen Sungai Batang, mahaifar Buya Hamka, wanda aka haifa a 1908 ya rasu a 1981. Babban malami ne, shi ne shugaban farko na majalisar malaman Indonesiya a 1975. Gwamnatin Sukarno ta tsare shi daga 1964 zuwa 1966, a tsaren ne ya rubuta mafi yawan tafsirinsa na Alƙur'ani. Da Sukarno ya rasu a 1970, Hamka ne ya limanci sallar gawarsa. An mai da gidan da aka haife shi gidan tarihi, yana kallon ruwa. Mutanen Malesiya ma suna yawan zuwa. Yaranka su ga wannan ya fi musu gadar siminti.

Wani abin kuma, yankin nan ne aka yi yaƙin Padri. A 1803 wasu alhazai uku suka dawo daga Makka suka fara wa'azin a bar caca da zakaru da giya da sauran al'adu, rikici ya ɓarke tsakaninsu da sarakunan gargajiya. Ku duba shekarar, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Turawan Holan suka shigo faɗan a 1821, suka gina ganuwar Fort de Kock a Bukittinggi a 1825, ba su ci garin Bonjol ba sai 1837. Suka kama Tuanku Imam Bonjol, jagoran ɓangaren malamai, suka kai shi gudun hijira, ya rasu a tsibirin Sulawesi a 1864.

Kabiru Gombak:
Allahu Akbar. Wato guguwa ɗaya ce ta taso daga Makka ta bugi Sakkwato ta bugi Sumatra.

Ustaz Nura:
A'a Kabiru, kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Zamani ne ya zo ɗaya. Shehu Baƙadire ne, Bamalike, kuma bai taɓa zuwa Makka ba, malaminsa Malam Jibrilu ne ya je. Su kuwa mutanen can Shafi'awa ne, alhazan nan kuma sun ga abin da ke faruwa a Hijaz da idonsu a lokacin. Kowanne da tushensa. Tunda na ambaci mazhaba, a sanar da Hajiya za ta ji liman yana bayyana bisimilla, kuma a yawancin masallatai ana ɗaga hannu a yi ƙunutin asuba bayan ruku'u a bayyane. Kada ta ɗauka an yi kuskure.

Sagir Injiniya:
Ustaz, ni abin da ya ɗaure mini kai da mutanen nan, an ce mata ne ke cin gado, namiji ba ya samun komai, kuma shi ke tarewa gidan matarsa. Ta yaya za a ce mutane masu riƙo da addini haka su bar ayar gado a fili?

Anti Balaraba:
Sagir ɗana, an faɗa maka rabi an bar rabi. Dukiya iri biyu ce a wurinsu. Akwai ta kaka da kakanni, gonakin shinkafa da babban gidan zuri'a, irin mai rufin nan da ke lanƙwashe sama kamar ƙahon ɓauna. Wannan ba ta mutum ɗaya ba ce balle a raba, tana bin tsatson uwa, mata ke zaune a ciki, kawu ɗan'uwan uwa ke kula da ita, kuma ba a sayarwa sai da babbar lalura. Sannan akwai abin da mutum ya nema da guminsa, wannan ana raba shi yadda shari'a ta ce, 'ya'yansa maza da mata da matarsa kowa da rabonsa. Na zauna da wata malama 'yar can a sashenmu, ta ce mini a garinsu ba a san a saki mace ta rasa inda za ta kwana ba, don gidan nata ne, mijin ne ke ɗaukar jakarsa. Na yi shiru ina tuna zawarawan unguwarmu.

Sagir Injiniya:
Anti, da girmanki, tausayi daban hukunci daban. Gonar nan ai wani ne ya fara mallakarta, da ya mutu ya kamata a raba.

Ustaz Nura:
Wannan maganar taka, Sagir, malamansu sun riga ka faɗa. Shaihu Ahmad Khatib, ɗan yankin ne da ya zama limami kuma mai huɗuba a Masallacin Harami a Makka, ya yi fatawa mai zafi a kan wannan gado. Ɗalibinsa kuma, mahaifin Hamka, ya ɗauki dukiyar zuri'a a matsayin abu mai kama da waƙafi, wanda ba a rabawa. Sun yi fiye da shekara ɗari suna wannan muhawara da littattafai a gabansu, ba mu ne za mu yanke ta a nan ba. Abin sha'awa, babban masallacin Padang, wanda ba shi da ƙubba, yanzu sunan Shaihu Ahmad Khatib yake ɗauke da shi. Auwal, ku yi salla a ciki kafin ku tashi.

Shugaban Zaure:
Jama'a, bawan Allah ya tambayi hanya, mun kai shi kotun gado. Mai son wannan ya buɗe mata zare daban. A dawo kan mota.

Dakta Bashir:
Allah Ya taimaki shugaba. Auwal, ga abin da zan yi in ni ne. Filin jirgin yana arewa da Padang, ba sai ka shiga gari ba. Daga nan ku bi bakin teku ta Pariaman da Tiku, ku shiga ta Lubuk Basung, sai ga ku a Maninjau ta ƙasa, ba tare da kun taɓa kwana ko ɗaya daga cikin 44 ɗin ba. Ku kwana a bakin ruwa. Tafkin ramin tsohon dutse ne mai aman wuta da ya rufta, tsawonsa wajen kilomita 16, shi ya sa bango ya kewaye shi ta ko'ina. Da safe ku je Sungai Batang, ku ci rinuak, wasu 'yan mitsi-mitsin kifi da ake gasawa a ganyen ayaba, sannan ku hau Kelok 44 sau ɗaya tak, ku tsaya a Puncak Lawang ku kalli inda kuka fito, ku shiga Bukittinggi da la'asar. A gari akwai hasumiyar agogo ta Jam Gadang da aka gina a 1926, da kwazazzabon Sianok, da ramukan da sojojin Japan suka tilasta wa mutane haƙawa lokacin yaƙin duniya na biyu. Matakalar ramin tana da yawa, Hajiya ta zauna a sama ta sha iska. Rana ta ƙarshe ku sauko ta Padang Panjang da Lembah Anai in hanyar a buɗe take, ruwan da ke zubowa daga dutse yana nan a bakin titi, ko daga mota za ku gan shi.

Maman Hanifa:
A nan kam na saɓa da Dakta. Wanda ya hau Kelok 44 ya juya wa tafkin baya, sai dai ya riƙa waiwaye, waiwaye a wannan hanya kuwa shi ke kawo amai. Duk kyan abin yana ga mai saukowa, tafki na buɗe maka kaɗan-kaɗan, a wannan kwana yana dama, a ta gaba yana hagu, rufin masallatai da gonakin shinkafa suna ƙara girma. Kuma kwana a bakin ruwan ba kullum yake da daɗi ba. Tafkin cike yake da kejin kiwon kifi, dubbai. Ragowar abincin kifin na taruwa a ƙasa, in aka yi iska mai ƙarfi ruwan ƙasa ya juyo sama sai kifi su mutu tuli-tuli, wari ya hana kowa sakat. Ya sha faruwa. Daga sama Maninjau ta fi kyau. Ku kwana a Bukittinggi, akwai asibiti kusa, akwai abinci, ku sauka da sassafe.

Dakta Bashir:
Batun kifin gaskiya ne, a tambayi mai masauki kafin a biya. Amma a tsarinki sau biyu za su bi kwanonin, sauka da hawa.

Maman Hanifa:
Ina! Su juya naka tsarin mana. Su fara da Lembah Anai zuwa Bukittinggi, ranar ƙarshe su sauka Kelok 44, su fita ta Lubuk Basung zuwa filin jirgi. Sauka ɗaya, babu hawa.

Dakta Bashir:
Wannan ma ya yi. Sai dai ban son a bar hanya mafi wuya a ranar jirgi. Bas ɗaya ta maƙale a kwana, jirgi ya tafi.

Kabiru Gombak:
To Singkarak da Sitinjau Lauik fa, an yafe su ke nan? Ni don Sitinjau ma na so zuwa, saboda bidiyoyin tirelolin nan a YouTube.

Dakta Bashir:
Ka ci gaba da kallonsu a YouTube. Hanyar manyan motoci ce tsakanin Solok da Padang, masu gawayin ƙasa da manja da siminti, kwana ɗaya ce mai tsananin hawa inda samarin wurin ke tsayawa suna ba da hannu. Babu abin da iyali za su yi a can. Singkarak kuwa ta fi Maninjau faɗi kaɗan, titi na bin gaɓarta ta gabas tare da tsohon layin dogo, babu hawa babu sauka, ana sayar da soyayyen kifin bilih a bakin hanya. In an samu ƙarin wuni, a haɗa ta da Pagaruyung a yi zagaye daga Bukittinggi. A sani dai fadar ba tsohon gini ba ce, tsawa ta ƙone ta a 2007 aka sake ginawa. Harau tana da kyau ƙwarai, bangayen dutse a miƙe da gonakin shinkafa a ƙasa, amma wuni take so ita kaɗai. Kelok 9 gada ce da aka buɗe a 2013 a hanyar Riau, ka tsaya ka ɗauki hoto ka ci gasasshiyar masara ka juyo. Ita zan fara cirewa.

Auwal Serdang:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina duka, ta ce maganar tuƙi ma a bar ta, direba za a ɗauka, kuma dattijo. Mun cire Kelok 9 da Alahan Panjang da Sitinjau. Zan ga ko za mu ƙara wuni ɗaya saboda Singkarak. Batun hawa ko sauka kuma ita tana bayan Maman Hanifa, ni ina bayan Dakta, Hajiya ta ce ita dai a tabbatar ana tsayawa salla a kan lokaci.

Maman Hanifa:
Wannan ba matsala, kowane gidan mai da gidan abinci akwai wurin salla da na alwala, har da hijaban salla na aro. A sa Hajiya a kujerar gaba, yara kuma kada a ba su madara ko wani abu mai maiƙo da safen da za a bi kwanonin. Ka ce wa maiɗakinka ta yi mini magana ta gefe, akwai maganin amai na yara da likita ya rubuta mana, zan tura mata sunan ta tambayi nasu likitan.

Alhaji Ɗanlami:
Ka kuma canji kuɗi tun a filin jirgi ko a Bukittinggi, ka riƙe ƙananan takardu. A ƙauyukan bakin tafki ba kowa ke karɓar kati ba. Bizar dai ka sanar da mu ranar da ta fito, akwai wani yarona da ke son shigar da tasa.